Tallafin rashin aiki har mako 99 a Amurka: ya riƙe mutane ne ko ya zaunar da su?

Malam_Tanko77:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masu ilimin abin su warware mana. A karayar tattalin arzikin da ta fara a Amurka a Disambar 2007, wanda aka sallama daga aiki a wasu jihohi ya kai ga karɓar kuɗin tallafin rashin aiki har mako 99, alhali a da mako 26 ne iyakarsa. Wata 6 ya koma kusan shekara 2. Ni a ganina an wuce gona da iri. In ka ce wa mutum za ka riƙa ba shi rabin albashinsa tsawon wannan lokaci, ka rage masa zafin nema, kuma duk watan da ya ƙara a zaune hannunsa na ƙara sanyi a sana'arsa. A Afrilun 2010 waɗanda suka yi mako 27 ko fiye babu aiki sun kai kusan miliyan 6.8. Shin tsawaita tallafin ba ya cikin abin da ya kumbura wannan adadi? Mai hujja ya kawo.

Hajiya_Akanta:
Wa alaikumus salam, Malam Tanko. Kafin a shiga gardama gara a warware yadda 99 ɗin ta haɗu, don ba doka ɗaya ba ce, shiri 3 ne aka ɗora kan juna.

Na farko tallafin jiha, mako 26 a yawancin jihohi, ana biyansa daga harajin da jiha ke karɓa a hannun masu kamfani. Na biyu shirin gaggawa na gwamnatin tarayya, wanda Shugaba Bush ya sa wa hannu ranar 30 ga Yunin 2008. Da mako 13 ya fara, aka yi ta ƙara masa, zuwa Nuwambar 2009 ya zama hawa 4: mako 20, 14, 13 da 6, jimla 53. Na uku tsohon shirin ƙari da ke cikin doka tun 1970, mai ba da mako 13 ko 20. Ka haɗa 26 da 53 da 20, ga 99.

Amma ba kowa ne ya kai can ba. Hawa na 3 ba ya buɗewa sai rashin aikin yi a jihar ya kai kashi 6 cikin 100, na 4 sai ya kai 8.5, mako 20 na ƙarshe kuma sai ya kai 8, shi ma sai jihar ta sa wannan ma'auni a dokarta. Mutumin Michigan ko Kalifoniya ko Nevada ya ga 99. Mutumin Dakota ta Arewa, inda abin bai kai 6 ba, a mako 60 ya tsaya.

Dan_Kwadago:
Hajiya ta gyara makonni, ni bari in gyara "rabin albashi". Rabin a takarda ne, don kowace jiha na da iyakar da ba ta wucewa. Mississippi dala 235 a mako, Florida dala 275. Matsakaicin abin da ake biya a ƙasar baki ɗaya a wancan lokaci wajen dala 300 ne a mako. Injiniyan da ke ɗaukar dala 1,500 a mako a Florida, 275 ɗin nan zai karɓa, ko kashi 20 na albashinsa bai kai ba. Kuma ana cire haraji a ciki, inshorar lafiyarsa da ke manne da aikin ta tafi, bashin gida na nan. Mai iyali ba ya miƙe ƙafa a kan irin wannan kuɗi.

Abu na biyu, Malam Tanko, a tsakiyar 2009 masu neman aiki fiye da 6 ne ke bin kowane gurbi 1 da aka buɗe. Ko dukkansu sun kwana suna nema, 5 za su koma gida hannu rabbana.

Sarkin_Alkaluma:
Tambayar Malam Tanko an auna ta, ba sau ɗaya ba. Jesse Rothstein na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya fitar da nazarinsa a 2011, ya samu cewa tsawaitawar ta ƙara wa adadin rashin aikin yi tsakanin ɗigo 0.1 zuwa 0.5 cikin 100 ne, a lokacin da adadin ya tashi daga wajen kashi 5 zuwa kashi 10 a Oktobar 2009. Rob Valletta da Katherine Kuang na babban bankin ƙasa reshen San Francisco sun samu wajen 0.4. Wato tasiri akwai shi, amma ƙarami ne a gaban girman matsalar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda ƙarin ya fito. A ƙididdigar Amurka ba a kiran mutum marar aikin yi sai ya nemi aiki a cikin mako 4 da suka wuce. Wanda ya gaji ya daina nema, an cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Tallafin kuwa sharaɗinsa shi ne ka ci gaba da nema. Saboda haka wani babban kaso na ƙarin ba mutanen da suka ƙi aiki ba ne, mutane ne da da sun yanke ƙauna sun fita daga kasuwar ƙwadago, tallafin ya riƙe su a ciki. Adadin ya hau a takarda, amma yawan masu aiki bai ragu da wannan ba.

Malam_Tanko77:
Na ji, Sarki, amma ba su kaɗai suka yi nazari ba. A Afrilun 2011 jihar Missouri ta yanke tallafinta daga mako 26 zuwa 20. Da yake makonnin tarayya ana lissafa su ne bisa na jiha, abin da sabon mai nema ya rasa ya kai mako 16. Andrew Johnston da Alexandre Mas sun kwatanta waɗanda suka shigar da takarda gab da ranar da waɗanda suka shigar jim kaɗan bayanta, suka ga duk wata 1 da aka rage, zaman rashin aiki ya ragu da kusan mako 1. Wannan ba fita daga lissafi ba ne, komawa aiki ne. Sannan ga 2014: an rufe shirin gaggawa a ƙarshen Disambar 2013, shekarar da ta biyo baya Amurka ta samar da ayyuka wajen miliyan 3. Marcus Hagedorn da abokan aikinsa sun danganta wani babban ɓangare na wannan da rufe shirin.

Sarkin_Alkaluma:
Nazarin Missouri mai ƙarfi ne, ba na musunsa. Sai dai a karanta shi da kyau: wata 1 aka cire, mako 1 aka samu. Sauran mako 3 mutumin na nan babu aiki, babu kuɗi. 

Na Hagedorn kuwa ana jayayya da shi sosai. Sun kwatanta gundumomin da ke maƙwabtaka a bakin iyakar jihohi 2 masu tsawon tallafi daban. Matsalar ita ce alƙaluman rashin aikin yi na gunduma ba ƙidaya kai tsaye ba ce, ana gina su ne da taimakon alƙaluman jihar baki ɗaya, don haka halin jihar na kutsawa cikin na gundumar. Gabriel Chodorow-Reich da abokansa sun bi wata hanya dabam: jihohin da suka samu ƙarin makonni saboda kuskuren ƙiyasi na farko, wanda aka gyara daga baya. Sun samu tasirin bai wuce ɗigo 0.3 ba.

Binta_Haraji:
Ina so a dubi gefen da ba a taɓo ba, wato inda kuɗin ke zuwa. Peter Ganong da Pascal Noel sun bi asusun ajiyar banki na masu karɓar tallafi, suka ga a watan da tallafin ya ƙare kashe kuɗin gida na faɗuwa da kashi 12 cikin 100 nan take, har da cefane da magani. Mutum ya san ranar da zai ƙare tun farko, amma ba shi da abin da zai ajiye. Wannan kuɗi ba ya kwana a banki, a makon da ya shigo yake tafiya wurin mai gida, mai kanti da gidan mai. Shi ya sa masu ƙiyasi irin su Mark Zandi suka sa shi a sahun gaba na hanyoyin farfaɗo da kasuwa, suna cewa kowace dala 1 na motsa wajen dala 1.6. Hukumar ƙidaya ta ƙasar ta ce tallafin ya tsare mutum miliyan 3.3 daga faɗawa talauci a 2009 kaɗai. Akwai kuma nazarin da ya ƙiyasta cewa tsawaitawar ta hana ƙwace gidaje wajen miliyan 1.3 tsakanin 2008 da 2013, a rikicin da tushensa bashin gidaje ne.

Alhaji_Mai_Masaka:
Duk na ji, amma wa ya biya? A faɗa wa jama'a gaskiya. Tallafin jiha daga aljihun mai kamfani yake fitowa, kuma ana ƙara wa kamfani kuɗin harajin gwargwadon yawan mutanen da ya sallama a baya. Ban da wannan akwai harajin tarayya: kashi 6 cikin 100 a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci, ana yafe 5.4 in jiharka na kan ƙa'ida, saura 0.6, wato dala 42 a shekara. Da asusun jihohi ya ƙare, fiye da jihohi 30 suka ci bashi a wurin tarayya, bashin ya haura dala biliyan 40. Jihar da ta ɗauki shekara 2 ba ta biya ba, sai a fara zaftare yafiyar da ɗigo 0.3 kowace shekara, dala 21 a kan kowane ma'aikaci, tana hawa. A Kalifoniya zuwa 2017 mai kamfani dala 189 yake biya a maimakon 42. Kamfanin da ke ƙoƙarin sake ɗaukar mutane shi aka ɗora wa.

Hajiya_Akanta:
Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne amma ba na tsawaitawa ba ne. Bashin nan na mako 26 na farko ne, wanda jiha ke biya. Shirin gaggawa na mako 53 tarayya ce ta ɗauke shi gaba ɗaya. Shirin ƙari na 1970 a ƙa'ida rabi da rabi ne tsakanin jiha da tarayya, amma dokar farfaɗo da tattalin arziki ta Fabrairun 2009 ta mayar da shi wuyan tarayya ɗungurungum na wani lokaci. Abin da ya jefa jihohi bashi shi ne sun shiga 2008 da asusu marar kauri. A shekarun da kasuwa ke ci sun rage harajin, wasu kuma sun bar adadin albashin da ake yanka haraji a kai a dala 7,000, adadin da tarayya ba ta taɓa ba tun 1983. Kalifoniya na cikinsu. Jihar Washington, wadda nata adadin ke hawa tare da albashi, ba ta ci bashi ba.

Alhaji_Mai_Masaka:
Na tarayyar ma ai ba daga sama ya faɗo ba, Hajiya. Fiye da dala biliyan 200 aka kashe, kuma bashi ne aka ƙara wa ƙasa.

Kanin_Kowa:
Yayyena, a taimaka min da wannan. Tunda akwai shirin 1970 da ke buɗewa da kansa, me ya sa sai an koma majalisa kowane 'yan watanni?

Inna_Lami:
Tambayarka ita ce gindin maganar, ƙanena. Shirin 1970 an gina shi ne ya kunna kansa, amma makunninsa ya lalace tun 1981.

Ma'aunin da doka ta wajabta ba adadin rashin aikin yi da ake ji a labarai ba ne. Yana ƙirga waɗanda ke karɓar tallafin jiha ne kawai a wannan lokaci. Sai ya kai kashi 5, kuma sai ya zama ya fi matsakaicin shekara 2 da suka wuce da kashi 20 cikin 100. Ka ga matsala ta farko: duk wanda makonninsa 26 suka ƙare ya fita daga ƙirgar. Wato mutanen da aka yi shirin dominsu su ne ba a ƙirgawa. Gyaran 1981 ne ya ɗaga ma'aunin, ya soke makunni na ƙasa baki ɗaya, ya kuma cire masu karɓar ƙarin daga lissafi.

Akwai ma'auni na zaɓi da ke amfani da adadin gama-gari: kashi 6.5 ya buɗe mako 13, kashi 8 ya buɗe 20. Jihohi da yawa sun ƙi ɗaukarsa don su ne za su biya rabi, sai da tarayya ta ce ta ɗauke duka a 2009 suka ruga suka sa shi a doka.

Matsala ta biyu ita ce waiwaye. Shi ma wannan ma'auni yana buƙatar adadin yau ya fi na ɗaya daga cikin shekara 2 da suka wuce da kashi 10 cikin 100. In karayar ta daɗe, jiha na iya zama a kashi 11 shekara 3 a jere, abin bai yi sauƙi ba amma bai ƙaru ba, sai shirin ya kashe kansa. A Disambar 2010 aka ba jihohi damar waiwayar shekara 3, wannan ya jinkirta abin ne kawai. A cikin 2012 jihohi suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, har da Kalifoniya da ke sama da kashi 10 a lokacin.

Dan_Kwadago:
Kuma komawa majalisa na da tsadarsa, Inna. A ƙarshen Fabrairun 2010 Sanata Jim Bunning na Kentucky shi kaɗai ya tare sabuntawar na 'yan kwanaki, yana cewa sai an nuna inda za a samo kuɗin. Daga farkon Yuni zuwa 22 ga Yulin 2010 shirin ya mutu kusan mako 7. Yadda abin ke aiki shi ne wanda ke cikin hawa na 2 zai ƙarasa shi, amma ba zai haura na 3 ba, wanda kuma makonninsa 26 suka ƙare a tsakanin ba zai shiga ko na 1 ba. Fiye da mutum miliyan 2 abin ya shafa. Daga baya an biya su bashin makonnin, amma mai gidan haya ba ya jiran majalisa. Ofisoshin jihohi su ma sai sun sake saita kwamfutocinsu, sun aika wasiƙu, sun binciko waɗanda suka daina cike takardar mako saboda sun ɗauka an gama. Wanda ya daina cikewa shi ne ya fi shan wahalar karɓo nasa.

Malam_Tanko77:
An yi nisa da tambayata. Ni damuwata mutumin ne. Kory Kroft da abokansa sun aika takardun neman aiki na gwaji wajen 12,000 zuwa kamfanoni a birane 100, suna sauya tsawon zaman da mai takardar ya yi babu aiki. Kiran ganawa na faɗuwa sosai a wata 8 na farko. Alan Krueger da abokansa kuma sun samu cewa cikin waɗanda suka daɗe babu aiki, wajen kashi 11 ne kawai ke samun tsayayyen aiki na cikakken lokaci bayan shekara guda. In haka ne, duk abin da zai sa mutum ya jinkirta ko da wata 2 a farkon zamansa, cutarsa yake yi.

Binta_Haraji:
Malam, wannan hujja tana yanka ta gefe biyu. In kamfanoni na ture takardar wanda ya wuce wata 8, to mutumin da ke mako na 60 ba rashin nema ne ya zaunar da shi ba, kuma yanke masa tallafi ba zai sa a kira shi ba. Jinkirin da kake tsoro a watannin farko yake faruwa, kuma a can ake maganinsa.

Sannan ba duk jinkiri ne lalaci ba. Raj Chetty ya nuna cewa wajen kashi 60 na ƙarin zaman da tallafi ke jawowa ya fito ne daga gidajen da ba su da ajiya, waɗanda in ba tallafin ba dole su kama duk abin da ya zo a makon farko. Makaniken jirgi ya koma wanke-wanke a gidan abinci saboda kuɗin haya, ƙasar ta yi asarar sana'arsa, shi kuma dawowa layinsa ya yi wuya.

Uwar_Asusu:
Maganar sharuɗɗa ba a yi ta ba, kuma a nan ake gane ko shiri na zaunar da mutum. Tun farko ba kowa ke samu ba: sai an sallame ka ba da laifinka ba, sai albashinka a lokacin da ake dubawa ya kai mizani, yawanci zango 4 na farko cikin zango 5 na wata uku-uku da suka cika kafin ka nema. Kowane mako ko mako 2 sai ka tabbatar kana da lafiyar aiki, kana shirye, ka nemi aiki, ka faɗi duk abin da ka samu. A shirin ƙari na 1970 sharaɗin ya fi tsauri: dole ka kawo shaidar nema a rubuce, kuma duk aikin da za ka iya, in albashinsa ya fi tallafinka kuma bai gaza mafi ƙarancin albashi ba, ba ka da ikon ƙinsa. Dokar Fabrairun 2012 ta ƙara cewa mai shiga hawa na 1 ko na 2 sai ya je ofis da kansa an duba yadda yake nema.

Inda aka yi kuskure na gaske shi ne hukunta mai ƙoƙari. Mutum na karɓar dala 400 a shirin gaggawa, sai ya samu aikin wucin gadi na wata 3 mai ƙaramin albashi. Shekarar tallafinsa na cika, sai a ce ya cancanci sabon tallafin jiha bisa wannan ƙaramin albashi, a sauke shi zuwa dala 150, na gaggawan kuma a dakatar. Wanda bai taɓa komai ba yana nan a 400. Sai a Yulin 2010 aka toshe wannan, aka ce in faɗuwar ta kai dala 100 ko kashi 25, a bar shi a tsohon adadinsa. Shekara 2 ana koya wa mutane cewa karɓar ƙaramin aiki asara ce.

Alhaji_Mai_Masaka:
Ni da za a bi tawa, hanyar Jamus ta fi. Maimakon a sallami mutum 30 cikin 100, a rage wa kowa awanni, gwamnati ta cike kashi 60 na albashin da ya ragu, 67 ga mai 'ya'ya. A 2009 sun tsawaita shi har wata 24, ma'aikata wajen miliyan 1.4 suka shiga a lokacin da ya fi yawa. Tattalin arzikinsu ya faɗi da wajen kashi 5, amma rashin aikin yi da ƙyar ya motsa. Ma'aikaci bai bar injinsa ba, kamfani bai sake horar da baƙo ba.

Sarkin_Alkaluma:
Gaskiya ne, Alhaji, amma cutar ba iri ɗaya ba ce. Jamus oda daga waje ce ta tsaya na ɗan lokaci, masana'antun suna nan, da kasuwa ta dawo aka koma. A Amurka gine-gine ne suka rushe, ayyuka wajen miliyan 2 suka tafi a wannan fanni kaɗai, kuma ba a shekara 1 ko 2 suka dawo ba. Ba a raba awanni a kamfanin da ya rufe. Ƙasa da jihohi 20 ke da irin wannan tsari a 2008, dokar 2012 ce ta ba da kuɗin faɗaɗa shi.

Kanin_Kowa:
To mu a Najeriya akwai makamancinsa?

Uwar_Asusu:
Babu inshorar rashin aiki irin wannan, ƙanena. Abin da ya fi kusa shi ne dokar fansho ta 2014: wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata 4 bai samu wani ba, zai iya cire har kashi 25 na asusun fanshonsa. Amma kuɗinsa ne na tsufa yake ci, ba asusun haɗaka ba. Kashi 1 da kamfanoni ke biya wa asusun inshorar ma'aikata na NSITF kuma na rauni ne da cutar wurin aiki. Afirka ta Kudu ce ke da asusu na gaske, ma'aikaci kashi 1, mai kamfani kashi 1.

Inna_Lami:
Mu koma kan yadda aka rufe, don Malam Tanko ya kafa hujja da 2014. Ba daga 99 aka yanke ba. Dokar 2012 ta riga ta sauke hawa 4 ɗin zuwa mako 14, 14, 9 da 10, ta ɗaga ma'auninsu zuwa kashi 6, 7 da 9, iyaka ta koma mako 73, kuma jihohi kaɗan ne ke kaiwa can. A 2013 zaftare kasafin tarayya ya rage kuɗin mako da wajen kashi 10. Karolina ta Arewa ta sauke iyakar tallafinta daga dala 535 zuwa 350, wanda ya saɓa wa sharaɗin tarayya na kada jiha ta rage, sai ta rasa shirin gaggawa tun Yulin 2013, mutum wajen 70,000 suka fita a take. Ranar 28 ga Disambar 2013 shirin ya mutu a ko'ina, ba a bar kowa ya ƙarasa hawansa ba, mutum miliyan 1.3 a mako guda. Majalisar Dattawa ta amince da sabuntawa a Afrilun 2014, ta Wakilai ba ta ko kawo shi zaure ba. A lokacin rashin aikin yi na kashi 6.7, waɗanda suka daɗe kuma kusan miliyan 3.9 ne, kusan ninki 3 na kafin karayar.

Dan_Kwadago:
An sake gwajin a 2021. Wajen rabin jihohi sun yanke tallafin annobar korona a Yuni da Yuli, kafin ranar ƙarewarsa ta 6 ga Satumba. Waɗanda suka bi asusun bankin mutanen sun samu cewa cikin kowane 8 da suka rasa tallafi, wajen 1 ne ya samu aiki a watannin da suka biyo, kashe kuɗinsu kuma ya faɗi da wajen kashi 20. A lokacin ma gurabe sun yi yawa, ba kamar 2010 ba.

Malam_Tanko77:
Korona ai ta fi ƙarfafa tawa maganar. An ɗora dala 600 a mako kan kowa bai ɗaya, don tsofaffin kwamfutocin jihohi ba za su iya lissafa kason albashin kowa da sauri ba, har mafi yawan masu karɓa suka riƙa samun fiye da albashinsu. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ƙiyasta damfara tsakanin dala biliyan 100 zuwa 135. Ni ban ce a bar mutane a mako 26 ana tsakiyar wuta ba. Abin da nake cewa, a rubuta tun yau: in adadi ya kai kaza mako kaza, in ya sauka ya sauka da kansa, kuma kuɗin makon ya riƙa raguwa bayan shekara guda.

Hajiya_Akanta:
Rabin farko na maganarka Kanada na yinsa. Tsawon tallafi tsakanin mako 14 zuwa 45 ne, gwargwadon awannin da ka yi aiki da adadin rashin aikin yi a yankinka, ana sabunta adadin kowane wata. Duk da haka a 2009 sai da suka ƙara mako 5 da hannu. Rabi na biyu ne ban yarda da shi ba. Dala 300 a mako, bayan shekara guda ajiya ta ƙare, katin bashi ya cika, a nan ne za a rage? In za a yi tudu da gangare, gara a yi shi a watannin farko inda nazarin Missouri ya nuna mutane na motsawa.

Inna_Lami:
Kuma wane adadi za a ɗaure shi da shi, Malam Tanko? In adadin gama-gari ne, yana sauka ko da mutane fita suka yi daga nema, kamar yadda Sarki ya bayyana a sama. Da shi aka yi aiki a 2013, sai hawa-hawan shirin suka riƙa rufewa alhali fiye da kashi 1 cikin 3 na marasa aikin sun haura wata 6. Ni da za a ɗaure buɗewa da saurin hawan adadin, rufewa kuma da yawan waɗanda suka daɗe, ko da yawan masu nema a kan kowane gurbi. A cire waiwaye gaba ɗaya, tarayya ta ɗauki kuɗin, kuma duk wanda ya shiga hawa a bar shi ya ƙarasa. Sai kuma a hana jiha yanke nata makonnin 26, don Florida da Karolina ta Arewa yanzu suna sauka har mako 12 in adadinsu ya yi ƙasa, kuma duk ƙarin da aka lissafa bisa kason na jiha zai ragu tare da shi.

Alhaji_Mai_Masaka:
In tarayya za ta ɗauki kuɗin, to a fara da gyara dala 7,000 ɗin nan a lokacin da kasuwa ke ci, a ɗaga ta a hankali cikin shekara 5 ko 6 kowa ya san abin da ke zuwa. Abin da masu kamfani ba sa so shi ne takardar ƙarin haraji ta iso a shekarar da suke ƙoƙarin mayar da mutane bakin aiki. Hajiya Akanta, in an ɗaure adadin da matsakaicin albashi kamar na jihar Washington, nawa zai kai, kuma kason harajin zai sauka ne ko a 0.6 za a bar shi?